Ƙofar da Na Riƙa Turowa

A lokacin ina budurwa, ban daɗe da gama jami'a ba, ina zaune a gidan yayata a Rijiyar Zaki. Wata ƙungiya ta ɗauke ni aikin jan 'yan mata a jiki da ba su shawara, ta tura ni wani ƙauye a gefen Makoda. A wurin horo an nanata mana cewa yarinya ba ta buɗe cikinta sai an keɓe da ita, kuma abin da ta faɗa ba ya fita, ko ga iyayenta. Aka ba ni aji a makarantar garin, ina shiga da yarinya ɗaya in turo ƙofa.

Ba a jima ba gaisuwa ta canja. In na ratsa matan da ke ɓarar gyaɗa sai hira ta mutu, idanu su bi jakata. Wasu suka ce ƙwayar hana haihuwa nake rabawa, wasu suka ce an turo ni ne in koya wa yara raina iyaye. Ni ma na fara zargin kowa, ko fura aka aiko min sai in zubar a bayan aji.

Cikin masu zuwa akwai wata marainiya da ba ta komai in mun shiga sai kukan rashin mahaifiyarta. Wata rana gwaggon da ke riƙonta ta gan ta ta fito ido jawur. Ta tsare ta da tambaya, yarinyar ta ce ni ce na hana ta faɗa. Washegari aka kira ni gaban mai unguwa. Gwaggon ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ta wanke gawar uwar yarinyar, ita ke kwana da ita ɗaki ɗaya, to wane sirri ne baƙuwa za ta sani, ita a ɓoye mata? Na yi rantsuwa, na yi bayani, babu fuskar da ta saki. Aka ce in tattara kayana. Aka cire yarinyar daga makaranta, har yau ban ji an mayar da ita ba.

Niyyata mai kyau ce, amma ban taɓa tambayar mutanen garin yadda suke rarrashin 'ya'yansu ba. Ashe suna da gwaggo, da kaka, da malamar Islamiyya, tun kafin a haife ni. Duk wadda za a tura irin wannan aiki, ta fara shiga gida ta durƙusa ta gaida masu 'ya'yan, ta zauna a tabarmarsu. Ni motar haya na shiga na bar garin, marainiyar ce ta zauna da abin da na jawo. Allah Ya yafe min.