Baffa Sambo, Na Ƙarshen Tashi

Takalmansa na fara gani kafin in gan shi. Takalman roba ne irin na makiyaya, an jera su tsaf a ƙofar shagon intanet na Kabiru, sai ka ce ƙofar masallaci. Lokacin ban daɗe da kama aiki a Dutse ba, akwatina rabi tufafi rabi littattafan soyayya. Na leƙa ciki, sai ga wani siririn dattijo zaune gaban kwamfuta, ƙafa ba takalmi, ya gyara hula ya ce, "Salamu alaikum." Ya dakata yana jiran amsa. Sai da Kabiru ya amsa daga bayan kanta sannan ya ɗora hannu a kan na'urar.

Na ce, "Baffa, inji kake yi wa sallama?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai in ka je gidan mutane, ƙyauren kake yi wa sallama? Akwai jama'a a ciki."

Ku da kuka zauna da Baffa Sambo, Allah ya jiƙansa, kun san haka yake. Yaran da suka shigo cikinmu daga baya su ne za a yi wa bayani. Zaure, a wancan zamanin, ƙungiyar hira ce ta saƙon intanet. Ka rubuta saƙo ɗaya, ya faɗa akwatin kowa. Wani likita ɗan Garki da ke ƙasar waje ne ya kafa shi don 'yan Jigawa, ya damƙa wa Baffa, wanda yake buga takardu a wata ma'aikata tun farkon ba mu jiha. Kowane saƙo sai ya bi ta hannun Baffa kafin ya isa ga jama'a. A ruga aka haife shi, kuma har ya koma ga Allah bai ga bambanci tsakanin riƙon mutane da riƙon garke ba.

Gaisuwa ita ce dokarsa ta farko. Shi kansa likitan da ya kafa Zauren ya taɓa aiko da magana kai tsaye, ba ina kwana ba ina gajiya. Baffa ya mayar masa da abinsa, ya rubuta a ƙasa, "Ko a ƙasar Turawa ai ana kwana ana tashi. Sake."

In shi ne zai yi rubutu kuwa, sai ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya iyali, ya ruwa, ya mai jiki, ya shanu ga masu shanu, ya haƙuri ga marasa su. Akwai lokacin da ya zauna zai sanar da sunan jaririn wani ɗan Zaure. Yana tsakiyar gaisuwa aka ɗauke wuta. Washegari ya sake daga farko, domin a cewarsa gaisuwar jiya ta kwana. Kabiru ya ce, "Baffa, ka fara da maganar mana, gaisuwa ta biyo baya."

"Ka taɓa ganin an ja saniya ta wutsiya?"

Sanarwar ta iso bayan an cinye ragon.

Ni kuwa abin da ya riƙe ni a Zaure daban ne. Akwai wata Malama Hadiza, mai koyarwa a Aujara, da ba ta rubutu sai ƙarshen wata idan ta shigo Dutse karɓar albashi. Maganarta gajeriya ce, kan rufin aji da ke yoyo ko yara mata da ake cirewa daga makaranta lokacin girbi. Amma takan rufe da "Allah ya sada mu da alheri," ni kuma na yanke hukunci da ni take. Ban taɓa ganinta ba. Shekarun da aka fara shari'a ne, Kabiru ya raba shagonsa da labule, maza nan mata can. Duk ƙarshen wata sai in zaɓi kujerar da ke jikin labulen, ina sauraren ƙarar yatsu, ina ƙera ta a zuciyata yadda littattafai suka koya mini: doguwa, mai dara-daran idanu, mai tafiya kamar iska na kaɗa reshe. Na taɓa yin ƙarfin hali na rubuta mata saƙo ta Zaure, na zuba wata da taurari. Baffa ya dawo mini da shi. "Angon littafi, nan zaure ne. In da gaske kake, yarinya tana da uba."

Ana nan sai Kabiru ya zo da sabon abu. Wani shafi ne da ya kira Dandali. Kowace magana da ɗakinta, ana sa hoto, mutum ya zaɓi sunan da ya ga dama, kuma saƙo ba ya jiran kowa. Matasa suka ce a koma can. Kowa ya zaci Baffa zai ƙi. Sai ya ce a rugarsu ba a tashi sai an tura mai duba wuri, kuma shi zai je da kansa. Ya yi kwanaki yana shiga yana fita, sannan ya kawo rahoto.

"Ciyawa akwai. Ruwa akwai. Amma akwai kuraye. Wani ya ce sunansa Guguwa. Wani ya ce shi ne Yariman 'Yanmata. Na tambaye shi sunan ubansa, ya aiko mini da wani ɗan kai rawaya yana yaƙe haƙora. Ɗan gidan waye wannan?"

Kabiru ya duƙa yana gyaran wata waya da ba abin da ya same ta.

Duk da haka Baffa ya yarda a tashi, da sharaɗi ɗaya. Kowa zai rubuto da kansa ya ce ya tashi, shi kuma shi ne na ƙarshe. "Ba a kashe wutar ruga da sauran saniya a daji."

Mutane suka yi ta amsawa, likita ma ya amsa, da gaisuwarsa cikakkiya. Kowa ya tashi sai Malama Hadiza. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, na zauna jikin labule har aka rufe shago. Baffa ya aika mata da adireshin sabon wuri, saƙon ya dawo, wai akwatinta ya rufe don an daɗe ba a buɗe ba. Wato in aka rufe Zaure, ranar da ta dawo za ta tarar da kango, ba wanda zai ce mata ga inda aka koma. Ni dai na daina cin abinci sosai, kamar yadda ya dace da mai irin halina.

Kabiru ya matsa. Ya ce barin tsohon wuri a buɗe zai raba jama'a biyu, dattawa su riƙa aika saƙo can ba mai gani, a rufe kawai. Baffa ya ce a'a. Kullum da safe sai ya tuɓe takalmi, ya yi sallama, ya rubuta gaisuwa cikin Zauren da ba kowa, sannan ya juyo gare ni. "Shiga ka amsa mini, kada a ce Sambo ya fara magana shi kaɗai."

Ranar wata Asabar cikin damina ya tsaya a ƙofar ɗakina da tsohon babur ɗinsa da yake kira Karsana. Ya sha babbar riga, don ba a zuwa gidan mutum da kayan ofis, ga goro a ƙunshe cikin ɗanyen ganye, don bai taɓa zuwa gidan kowa hannu rabbana ba. Ya ce, "Hau. Za mu nemo ta." Na koma ciki na saka shaddar sallata, na juye rabin kwalbar turare.

Baffa yana da ɗabi'ar kashe inji a gangara don tattalin mai. To da ka bar duwatsun Dutse ka kama hanyar Jahun, ƙasa shimfiɗe take kamar tabarma. Sai ya kashe, mu tsaya cik tsakanin gonakin gero.

"Baffa, ai ba gangara a nan."

"Akwai. Kai ne ba ka da haƙuri. Sauka ka ɗan tura ta ta tuna."

Da muka isa Aujara, yara suka nuna mana gidan Alhaji Ado, mahaifin malamar. Aka yi mana shimfiɗa a zaure. A ranar na ga Baffa ya gamu da daidai shi, domin Alhaji ma gwanin gaisuwa ne. Suka gaisa har furar da aka kawo ta kwanta. Sannan Baffa ya ajiye goro, ya yi bayani dalla-dalla: ga kwamfuta, ga tsohon wuri, ga sabo, ga akwatin da ya rufe.

Alhaji ya saurara har ƙarshe. Ya dubi goron, ya dubi babbar rigar, ya shaƙi turarena da ya cika zauren. Ya yi murmushi.

"Malam, ni manomi ne, amma ba yaro ba ne. Ba a taso dattijo daga Dutse cikin damina, da goro da saurayi, saboda kwamfuta. Na san kunyarku ta Fulani, ba kwa faɗin abu kai tsaye. Yaron nan ɗan wa ne?"

Baffa, wanda bai taɓa barin kuskure ya wuce bai gyara ba, ya bar wannan ya wuce. Ba ya iya ƙaryata mai gida a kan tabarmarsa. Ya juyo a hankali.

"Auwalu, kana da ja?"

Na haddace jawaban masoya sun fi a ƙirga. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Babu."

Alhaji ya ce shi ba ya yi wa Hadiza dole, a kira ta. Ta shigo, gajeriya, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare, hannunta duk garin tuwo. Ta durƙusa ta gaishe su. Ashe mahaifiyarta ce ta yi jinya, shi ya hana ta shiga Dutse. Baffa bai bari an yi wata magana ba sai da ya sauke abin da ya kawo shi.

"Malama, ni ne Sambo. Zaure ya tashi, an koma sabon wuri. Ke kaɗai ake jira. Kin tashi?"

Ta ɗago. "Baffa, saboda ni kuka sha wannan hanya?"

"Saniya ma ana koma mata."

Ta sa gefen mayafi ta goge tabarau, ta daɗe tana gogewa. "To na tashi, Baffa."

Da mahaifinta ya gaya mata ɗaya maganar, sai ta dube ni ta saman gilashi. "Wannan ne Auwalu? Wanda ko maganar takin zamani ake sai wata da taurari sun shigo? Irin littattafan da yake karantawa nake ƙwacewa a hannun ɗalibaina." Ta miƙe. "Zan yi tunani, Baba."

Daga baya na gano inda take ajiye waɗanda ta ƙwace, da kuma wadda take karanta su a ɓoye.

Ran Litinin Baffa ya rubuta saƙo mafi gajarta a rayuwarsa: "Kowa ya iso. Alhamdu lillahi." Ya rufe Zaure da hannunsa. Ya fita waje ya saka takalmi, ya sake tuɓewa, ya dawo ya yi wa Dandali sallama, ya shiga da sunansa da sunan ubansa.

Dandalin ma ya zo ya mutu. Muka koma wayoyin hannu, daga wannan manhaja zuwa waccan, kuma duk tashin da aka yi Baffa ne na ƙarshe. Hadiza yanzu shugabar makaranta ce, uwar 'ya'yana, kuma ita ke riƙe da ƙungiyar tun da ƙafa ta gaza masa. Babban ɗanmu sunan Baffa Sambo ya ci, shi ya sa ba ta iya kiransa sai dai ta ce Baffa.

Watan jiya muka sake tashi, karo na farko ba shi. Ta sa kowa ya rubuto ya ce ya tashi, ta ƙi rufewa. Wani yaro da bai san labari ba ya rubuta, "Hajiya, ai an gama, lamba ɗaya ce ta rage, kuma mai ita ya rasu." Ina kallonta ta cire tabarau tana gogewa. Sannan ta rubuta, "Wannan karon shi ya riga mu. Ya tafi duba wuri."

Allah ya sa ya tarar da ruwa da inuwa. Allah ya sa da ya yi sallama an amsa masa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah kada ya bar ko ɗaya a daji.