Gorar Sarjiman Tana Cikin Kududdufi

Ƙanena Sarjiman ya yi shekara talatin da ɗaya yana raba wasiƙu a kan keke a garinmu Bantul, a ƙasar Indonesiya, ba a taɓa cewa ya makara da ta wani ba. Amma ku aika masa saƙo ta waya ku sha kallo. Sai ya riƙe ta nesa da jikinsa kamar an miƙa masa ɗanyen kifi, ya yi ta kallonta har ta mutu don kanta.

Tun yana yaro haka yake, bai iya cewa a'a ba. Ka ce ya ara maka keke, to. Ka ce ya ara maka kujerar da yake zaune a kai, to. Ni na kwashe bakin gidanmu gaba ɗaya, da ya zo duniya bai tarar da saura ba.

Shekarar da ya yi ritaya ita ce shekarar da matarsa ta rasu. Wata takwas yana zaune a baranda yana kallon bishiyar mangwaro. In na kai masa shinkafa da soyayyen tempe, ƙosan waken soyarmu, sai ya ce, "Na gode, Yu," wato Yaya, kaji su cinye. Abin da ya tashe shi daga kujerar nan kejin kurciya ne. Na babanmu ya karye, ya zauna gyara, daga gyara ya shiga ƙera sabo. Hannu ne da shi, wannan ba zan hana shi ba. Yakan fere gora siririya kamar tsinken tsintsiya, ya lanƙwasa ta a kan wuta, ya sassaƙa fure a saman kejin. Goma sha biyu yake yi a shekara, maƙwabta su saya, shi kuma ya koma cin abinci.

Sai 'yarsa Ningsih, da ke aikin jinya a Jakarta, ta zo hutun Sallah ta ɗauki hoton guda ta saka a intanet. Cikin mako biyu mutum arba'in da uku suka biya kafin alƙalami. Ta buɗe musu zauren hira a waya, ta koma bakin aikinta. Kowa ya tambaya, "Pak," wato Malam, "wata uku ya isa?" gogan naku sai ya ce to.

Wata uku! Mu nan ko akuya ta san ba a saran gora da damina, lokacin tana cike da ruwa mai zaƙi, ƙwari ba su da abincin da ya fi ta. Sai rani ya kama ake sara, a nutsa ta cikin kududdufi a danne da duwatsu, ta yi wata uku tana wari, sannan a shanya ta a inuwa. Shi kuwa a tsakiyar damina ya yi alkawarin nan, gorar bara da ta rage masa ba ta wuce ta keji biyar ba.

Na ce, "Man, ka gaya musu gaskiya mana."

"Kunya nake ji, Yu."

"Kunya za ka saƙa musu kejin da ita?"

Da wata na biyar ya shiga, wayar nan ba ta hutawa. Wani ya ce ɗan damfara ne. Wata ta ce ko dai tsohon ya mutu ne ba a sanar ba. Sarjiman ya kai waya cikin tukunyar ɗanyar shinkafa ya rufe. In na je awo sai in ji shinkafa tana rawa. Abincin da nake kai masa kuma kaji suka fara samun rabonsu. Ran nan ya ce mini in aka sake kiransa ɓarawo zai mayar wa kowa kuɗinsa ya bayar da wuƙaƙensa. Nan gabana ya faɗi, don na san kujerar baranda na nan tana jiransa.

Wanda ya fi kowa zafi a zauren shi ne Pak Hartoyo, mai shagon tayoyi a Semarang. Kurciyarsa za ta shiga gasar kuka, ya riga ya cika baki cewa a kejin Bantul za a kai ta. Wata Asabar da hantsi sai ga mota a ƙofar gida, ga mutum ya fito da tumbi da farin takalmi.

Ya ce da ni, "Bu," yadda ake kiran mata a nan, "nan ne gidan maƙaryacin?"

"Gidajen maƙaryata suna da yawa a layin nan, Pak. Wanne ka biya?"

Sarjiman ya fito yana sunkuyar da kai, ya ba shi kujera, na kawo shayi da soyayyen rogo. Baƙo ya ci rogo uku yana faɗa. Can sai ƙanen nawa ya shige ɗaki ya fito da keji sabo fil, yana ƙyalli. Ashe wata biyu da suka wuce, da matsi ya ishe shi, ya saci jiki ya sayo ɗanyar gora a kasuwa ya ƙera, ya ɓoye a bayan kabad don kunyar kansa. Pak Hartoyo ya washe baki, har ya fara kiransa gwani.

Ni kuwa na ga yadda Man ya kasa kallon kejin. Na karɓa na ce bari in yaba, na ɗora shi a kan baƙin siket ɗina, na ƙwanƙwasa da cokalin shayi. Gari ya zubo, fari tas, kamar ana tankaɗe.

Man ya ce, "Yu!"

Na ce, "Ka ga, Pak, har da masu haya a ciki. Kafin shekara kurciyarka za ta farka ta ga gida ya zama ƙura."

Fuskar baƙo ta haɗe. "To ina nawa kejin? Na gaskiyar?"

Na ce, "Taso in nuna maka."

Muka bi bayan gida zuwa kududdufi. Rani ya riga ya kama, gorar da Man ya sara tana ƙasa sati shida ke nan. Ya tuɓe riga ya shiga har ƙugu, ya ɗago guda baƙa wuluk, warin ya bugi Pak Hartoyo har ya ja da baya, farin takalmi ya nutse a taɓo. A nan, cikin ruwa, ƙanena ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji a bakinsa: lokacin sara, da ƙwari, da dalilin jiƙon. Ya ƙare da cewa, "Naka yana nan ƙasa, Pak. Saura wata huɗu. Na yi kuskure da na ce uku."

Pak Hartoyo ya toshe hanci. Sai ya ce, "Haba Pak, wannan ɗin ne ka kasa rubutawa? Ni taya in ta makara daga kamfani, kiran mai mota nake yi ya zage ni a gama. Shirun ne ya sa na ƙona mai tun daga Semarang!"

Ya ciro wayarsa ya ɗauki hoton Man tsamo-tsamo da gora a kafaɗa, ya tura zaure, ya rubuta: "Tsohon yana da rai. Kejinku na cikin ruwa. Na shaƙi warin da hancina." Ya tafi da aron kejin babanmu don gasa, da rogon da ya rage.

Mutum tara suka ce ba za su iya jira ba, aka sallame su lafiya. Sauran suka ce a riƙa nuna musu. Tun daga nan kowace Juma'a bayan masallaci Man yake zuwa ya ɗauki hoton kududdufi ya tura. Ruwa ne kawai, kore, babu abin da ake gani. Amma ku zo ku ga manyan mutane suna sharhi. Wani ya ce wannan makon ya fi duhu, alama ce mai kyau. Wani likita a Surabaya ya rantse ya hango tasa gorar a gefen hagu.

Kurciyar Pak Hartoyo ta zo ta goma sha tara a gasar, ya ce alƙalai kurame ne. Kejinsa ya same shi bayan wata biyar, ba huɗu ba, bai yi ƙorafi ba.

Jiya ina tsince shinkafa wani ya kira daga Medan, yana son biyu kafin azumi. Na kasa kunne. Man ya yi gyaran murya sau uku, gumi ya keto masa, sannan ya ce, "Ba zai yiwu ba, Pak. Sai baɗi, in kana iya jira." Ya ajiye waya ya tambaye ni ko akwai sauran tempe.