Safa Ɗaya Na Saƙa Wa Angona

Salamu alaikum. Wata biyu ba ku ga hoton saƙata a nan ba, har wasu sun buga waya suna tambaya ko tsohuwa ta tafi. Ban tafi ba. Ɗan yatsa ne ya kwantar da ni.

Duk jikan da aka haifa mani, da hula da safa saƙar hannuna yake fita ranar suna. Goma sha ɗaya, ban taɓa fashi ba.

Ran Laraba matar ɗana ta sauka, namiji. Na ce to, na yi sabon ango. Alhamis na ja ƙawata Gaji zuwa Kasuwar Dole, muka zaga rumfunan zare har azahar. Wannan ulu ya yi kaushi, wancan zai zuba. Gaji ta ce, "Baiwar Allah, jariri ne fa, ba gwamna ba."

Da yamma ina saƙa, kwarashi ya soke ni a gefen farcen babban yatsa. Na tsotse, na ci gaba.

Jumma'a na gama hula. Asabar safa ɗaya. Lahadi yatsa ya zama kamar dankali, yana bugu, ga zazzaɓi.

Gida cike da 'yan barka, kowa ya zama likita. Ƙanwata daga Tirmini ta huda lemun tsami ta cusa mani yatsa a ciki. Na yini da lemu a hannu kamar mai talla.

Litinin ɗiyata Mariyama ta ga jan layi ya hau hannuna. Ba ta nemi shawarata ba, sai asibiti.

Aka ɗebi jini. Suga ya hau, ni ban san ina da shi ba. Likita ya ce, "Inna, da kin ƙara kwana biyu, da yatsan nan sai yanka."

Na ji tsoro, wallahi. Amma abin da na tambaya shi ne, "Zan iya saƙa kafin Laraba?"

Ya ce ko cokali kada in riƙa.

Suka tsaga suka matse. Ihun da na yi, ku bar shi tsakanina da su. Wankin ciwo duk bayan kwana biyu, ga allurai, ga magani mai tsada, ga shayi babu sukari.

Gaji ta karɓi kwarashi ta yi safa ta biyu. Ina kanta ina cewa ta ja zare, tana cewa in rufa mata baki.

Ranar suna angona ya fito: ƙafar dama daidai, ta hagu kamar buhun gero. Mata suna ta "kai, hannun Inna!" Ni ina haɗiyar takaici.

Yanzu alhamdulillahi, farce ya fita, sabo yana tsirowa. Jiya na saƙa layi uku da kwarashin aro. Na gode wa Allah, da Mariyama, da masu wankin ciwo.

Ku auna suga ko kuna jin ƙalau. Yatsa in ya kumbura, a kai shi asibiti, lemu a bar wa kunu.

Gaji, Allah ya saka. Amma ki dawo mani da kwarashina.