Turken Kaka Saratu

Kakata Saratu ta Tungar Maliki, a ƙasar Ngaski, tana da gonar da ke yin wata bakwai a ƙarƙashin ruwa kowace shekara, kuma ba ta taɓa yarda wani ya tausaya mata a kan haka ba. In baƙo ya tambayi inda gonar take, sai ta nuna masa tafkin Kainji da haɓa, ta ce kifi na can yana yi mata taki kyauta.

Abin da ta mallaka bai da yawa: awaki huɗu, ƙaramin kwalekwale da mijinta ya bari, sai gonar nan. Lokacin da aka datse kogin Kwara ruwa ya ci tsohon garinmu, an kwashe mutane a mota aka kai su tudu, cikin gidajen siminti masu zafin tsiya. Ranar ce kaka ta fara hawa mota, ranar ce kuma ta daina. Ko Wara za ta ko kasuwar Yawuri, ta ruwa take bi. Da damina hanyar mota kan yanke har wata uku, mutane su yi ta ƙorafi, ita ko a jikinta.

Da bazara ruwan tafkin kan ja baya ya bar baƙar laka mai albarka, kowa ya koma filinsa na tsohon gari ya shuka masara da dankali, ya girbe kafin ruwa ya dawo. Filin nan babu mai takardarsa. Abin da ke akwai al'ada ce: tun ruwa na iya ƙirji za ka je da kwalekwale ka kafa turke a wurinka. Mai gari yakan sa rana ya zagaya ya duba. Filin da bai ga turke ba, mai shi ya sallama ke nan, sai a ba wani. Wanda kuma ya kafa a gonar da ba tasa ba, a cire turken, ya tashi a tutar babu.

Kaka ba ta taɓa wahalar gano nata wurin ba, domin akwai busasshiyar giginya tsaye a kusurwar gonar, ana hango ta tun daga gaɓa. Ni na kayar da ita.

A farkon shekarar da aka canja kuɗi ne, muna jihar Sakkwato a lokacin. An sa ranar aurena, na gina ɗaki, babu azarar rufi. Na san sarai giginyar ta kaka ce. Dabarata ita ce in sare abin da ke saman ruwa, in bar mata gindin, da ruwa ya ɗan sauka zai bayyana. Har yau ina ganin dabarar ba ta da laifi. Saiwar ce ta ci amanata. Shekara goma sha shida tana jiƙe, na kai sara uku, sai itacen ya tuge gaba ɗaya ya kwanta a kan ruwa. Na tsaya riƙe da gatari ina kallonsa. Daga baya na ce tun da ɓarna ta riga ta auku, ba a bar azara ta tafi a banza ba, na ɗaura igiya na jawo shi gida.

Na yi wata biyu ina ɓoye maganar, har mai gari ya sa Juma'a ta zama ranar duba turaku. Ran Lahadi na same ta tana gyaran gora.

Na ce, "Kaka, giginyarki ta faɗi."

"Da kanta?"

"Na ɗan taimaka mata."

Ta dube ni sama da ƙasa. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, tun ina goye take kirana mijinta, amma ranar babu dariya a muryarta. Ta ce, "Wanga miji nau, Basiru, ba ka noma min ba, ba ka ciyad da ni ba, kuma ka ɓadda min gona. Gobe da sahe ka ɗauko hilahili, mu shiga jirgi."

Kafin azahar labari ya zaga tunga. Maƙwabcinta a gona, Mamuda, ya zo gaisuwa. Ba mugun mutum ba ne, 'ya'yansa tara, filinsa kuma ɗan tsito, kowa ya san shi za a ba in kaka ta rasa. Ya durƙusa ya ce, "Inna, in abin ya gagara kak ki damu. Ni in noma, in kawo miki rabi har gida."

Ta ce, "Allah shi yi ma albarka, Mamuda. Ɗiyanka tara, na sani. Amma ka jira in mutu tukun, ba ni daɗewa."

Ran Litinin muka fita. Ina tuƙi, tana tsaye a goshin kwalekwale da doguwar gora. Ta daidaita mu da dutsen da ke gabas da bakin rafin da ke arewa, sannan ta fara caka gorar a ƙasa, taku bayan taku. Laka, laka, laka. Ramin giginyar ya daɗe da cikewa. Talata ma haka, Laraba ma haka. Tafin hannuna ya yi kanta, kunya kuma ta fi kantar ciwo, domin duk jirgin da ya wuce sai an tambaye ni ya azara.

Da yammacin Laraba na ce mu kafa turken a nan kusa mana, ai ba za mu yi nisa da wurin ba. Ta ce, "In hau gonar wani da tsuhwana? Tuƙa."

Na tambaye ta me take nema, tun da giginya ba ta nan. Sai ta gaya mini abin da ban taɓa kula da shi ba, duk da na sha cin tuwo a kansa lokacin noma. A tsakiyar gonar akwai ɗan da'irar da ba ta bari fartanya ta taɓa. Daɓen tsohon ɗakinta ne. Ita da ƙawayenta suka yi shi da tsakuwa da ruwan makuba, kwana uku suna bugu, shekarar da aka kawo ta gidan. Bango ya narke tun shekarar farko, daɓe kuwa yana nan daram a ƙarƙashin laka.

Ran Alhamis, rana ta take tsaka, gorar ta nutse kamu ɗaya ta tsaya. Ta ɗaga ta sake bugawa. Ni ma na ji shi ta cikin katakon jirgin, ƙwal. Ta matsa taku ɗaya ta buga, ƙwal.

Kafin in buɗe baki ta ɗaure zaninta ta sulale cikin ruwa. Tsohuwa mai shekara saba'in, ruwa har wuyanta. Na yi ihu, ba ta ko waiwayo ba. Ta rinƙa share laka da ƙafa, tana bin gefen daɓen a hankali, har ta zagayo inda ta fara. Mamuda na can nesa a nasa jirgin, ya ajiye filafili yana kallo. Da ya gane abin da ya faru, ya ɗaga hannu ya kira, "Barka, Inna!" Na ga girmansa ranar.

Kaka ta tsaya cik a wuri ɗaya. Sannan ta ce, "Nan gadona yake. Nan na haihi ubanka, ranar wata Assabar, ana ruwa."

Ubana ya rasu ina ɗan shekara shida. Na ɗauko turke da guduma na diro cikin ruwan. Na lalubi laka mai taushi a gefen daɓen, na saita turken, na ɗaga guduma.

Ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Matsa gaba kaɗan, marar hankali. Nan bakin ƙohwa ne, ta ina kake so in shiga?"