Katakon da Ya Ara wa Jibrilla Yatsu

Ƙanena Jibrilla yatsu takwas gare shi. Biyu na hannun hagu bel ɗin injin niƙa ya tafi da su, a nan Dogondutsi. Da manomi ne, da an yi masa jaje an wuce wurin. To shi makaɗin gitar ne a orkes ɗin Habu, masu kiɗan biki, kuma hannun hagu ke danne tsirkiya. Da ciwon ya warke ya ɗauki gitar, sai kiɗan ya fito da giɓi kamar bakin tsohuwa. Kafin ya kai yatsa daga nan zuwa can, sautin farko ya mutu. Na ji shi ta katanga, na shiga ɗaki na yi kuka na ƙoshi.

Ni kam cewa na yi ya haƙura, amma Jibrilla kunnen ƙashi gare shi tun yana goye. A waya ya ga makaɗan wasu ƙasashe suna taka ƴan akwatuna da ƙafa, fedal ake ce musu. Wata tana jan sauti ya daɗe bai mutu ba, wata tana maimaita abin da aka kaɗa.

Ya ce mini, "Yaya, in wanga abu ya maimaita min, ai ya ara min yatsu."

Na ce, "Allah shi ba da sa'a," ina yi masa kallon wanda rana ta taɓa.

Sababbi sun fi ƙarfinsa. Wani direba mai zuwa Yamai ya samo masa tsofaffi biyu a gwanjo, ɗaya ma ba murfi. Katakon da ya jera su a kai saman teburin lakwal ne, makarantar boko, da aka yar, har da sunayen yara a sassaƙe. Ya yanka robar cikin tayar babur ya ɗaure su tam, ya buga wa katakon ƙafafu don kada yashi ya shiga. Da yake wutar garinmu sai ta ga dama, batirin babur ya jona. Ranar farko fedal ɗaya ta yi hayaƙi, gida duka ya ɗauki ƙaurin roba. Mai gyaran rediyo ya farke ta, ya sa abin rage ƙarfin wuta. Ta tashi, sai dai muryarta ta shaƙe, ta koma kamar mai kuka.

Amma fa abin ya yi. In ya danna tsirkiya ɗaya, katako zai riƙe masa sautin har ya lallaɓa ya kai ta gaba. Habu ya mayar da shi cikin orkes. Wata da watanni ba bikin da aka yi a Dutsi ba a ga Jibrilla da katakonsa a hammata ba. Ni da na hana, ni na fi kowa cika baki a bakin famfo.

Sai bikin ɗiyar kawunmu ya tashi a wani ƙauye gab da Lugu. Bayan la'asar aka kafa lasifika ƙarƙashin gawo. Jibrilla ya taka fedal biyun a haɗe, ya ja sauti ɗaya dogo, mai kukan nan, yana tafiya yana dawowa. Mu ƴan gari gitar muka ji. Tsofaffin ƙauyen goge suka ji, irin wanda ake kiran iskoki da shi. Wata dattijuwa, Hure, tana zaune tana cin goronta, sai ta ƙwalla ƙara ta faɗi tana birgima. Mata suka rufa a kanta da zannuwa, suna cewa doguwarta ce, iskar da ke kanta, ta zo. Jibrilla ya firgita ya ɗauke hannu. Katako kuwa bai san an daina ba. Ya ci gaba da maimaitawa shi kaɗai, gitar na rataye, hannuwan mai ita a sama, kowa na kallo. Kafin ya fizge wayar batir, mai gani ya gani.

Labari ya riga mu isa gida: katakon Jibrilla na kiɗa ba hannu, yana ta da iskoki. Masu biki a Dutsi yanzu yawanci samari ne ƴan kasuwa, waɗanda dama da ƙyar suke yarda da kiɗa, sai matan gida sun matsa. Gaba ta kai su. Habu ya zo har gida, ya tsuguna a zaure yana sosa ƙeya.

"Jibrilla, ni na san waya ta da batir. Amma mutane sun ce in da katakon ga, a bari. Taho da gitar taka ɗai."

"Habu, ka san abin da ka hita in babu shi."

"Na sani. Mi kaka so in yi?"

Raina ya ɓaci. Na yafa mayafi, na ɗauki katakon na kai shagon Ɗahiru, wanda ya fasa kiran orkes a bikin ƙanwarsa. Na nuna masa ƙusa, na nuna masa roba, na nuna masa batir. Ya saurare ni da ladabi, daga nesa.

Ya ce, "Iya, na yarda injin na. Amma abin da yat ta da iska, ko injin na, ai ya ta da ita."

Na rungumi katakon na koma gida.

Daga ƙauyen kuma ƴan bori suka yi ta aike, wai ya zo ya yi musu wasa. Jibrilla ya ce shi ba ɗan bori ba ne, bai kuma taɓa zama ba. Sau ɗaya ya je biki ba katako. Giɓin ya dawo, ƴanmata suka tsaya cikin rawa suna kallon juna, wata ta rufe baki da gyale. Bai kai ƙarshen waƙar ba ya jingine gitar. Habu ya ɗauki wani.

Ya koma injin niƙa. Da rana, in ba masu kawo hatsi, yakan zauna a inuwar baya, ya jona katakon da abin sa wa kunne, ya yi kiɗan da ba mai ji sai shi. Ran nan na kai niƙa na tarar da shi, ido a rufe, ƙafa na taka fedal. Ya cire na kunne ɗaya ya miƙo mini.

"Yaya, ji wanga."

Na durƙusa na sa. Wallahi ban taɓa jin ya yi kiɗa mai daɗin wannan ba, ko lokacin da yatsunsa ke cike. Ban san sa'ad da na fara kaɗa kai tare da shi ba. Wasu mata biyu suka zo wucewa da ƙwaryar gero, suka gan mu muna rausaya, wuri tsit ba kiɗa ba waƙa. Suka rage tafiya. Ɗayar ta dafa ƙirji.

"Allah sarki," in ji ta. "Har da yayar."