Gahawar da Baba Yake Gane Ni da Ita

Edita, a farkon shekarun tamanin ni budurwa ce mai buga tafireta a ofishin wata masaƙa a Kakuri, ga tsiwa ga son gayu. Ina zaune a unguwar Romi da mahaifina, wanda na ɗauko daga ƙauyenmu na Filato bayan rasuwar mamata. Baba tsohon kuku ne. A gidan Turawan haƙar kuza ya koyi shan gahawa, ni kuma na koya a hannunsa har na fi shi jaraba.

Tsufa ya taɓa masa hankali. Da rana yakan ɗauke ni baƙuwa, ya tambaye ni 'yar gidan wa ce. Amma da safe in na buɗe gwangwanin gahawa, na zuba ruwan zafi, ƙamshi ya cika ɗaki, sai ya ɗago kai ya kira ni da sunan da shi kaɗai yake kirana da shi, ya hau yi mini faɗa wai na cika sukari. Kafin kofin ya huce ina da uba. Wannan ɗan lokacin shi ne duk abin da ya rage mini a duniya.

Sai kaya suka yi tsada. Gahawa ta yi ta hawa har ta ɓace a kanti, sai an bi layi, sojoji na tsaye da bulala. Na daina sayen hoda, na koma taka rabin hanyar ofis a ƙafa, amma ban daina gahawa ba. Maƙwabciyata, wata 'yar Binuwai mai sayar da doya, kullum tana yi mini tsiya wai ina shan abin Turawa da albashin talaka. Ita ta nuna mini yadda ake soya 'ya'yan tsiron rai-ɗore a daka a sha a madadin gahawa, ta rantse ko Bature ba zai bambance ba. Na gaji da layi, na yarda. Baba ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye, ya yi mini godiya cikin ladabi irin wadda ake yi wa baƙo. Na ce gobe zai saba. Haka na yi ta ruɗin kaina har damina ta wuce.

Ranar da aka raba mana kayan masarufi a masaƙa, na ba da shinkafata da sabuluna aka ba ni gwangwanin gahawa guda. Washegari na haɗa masa. Ya shaƙi ƙamshin, fuskarsa ta saki, ya ce wannan ce ta gaske. Ya sha rabi, ya turo mini sauran, ya roƙe ni in ajiye wa 'yarsa, wai tana sonta ƙwarai, kuma ta daɗe ba ta leƙo shi ba.

Bai sake gane ni ba har ya rasu. Likita ya ce ciwon ne ya ci gaba, da gahawa ko babu. Na ji shi, amma zuciyata ta ƙi karɓa, kuma ba na jin za ta taɓa karɓa.

Masu karatu, in kuna da tsoho a gida, ku lura da ɗan abin da yake riƙe shi da ku. Kada ku bari wani ya raina muku shi, komai tsadarsa. Ni har yau ina sayen gahawa, ana ta yi mini dariya. Kowace safiya nakan sha rabi in ajiye rabi, kamar yadda ya roƙe ni.