Garejin da Baba Ya Yi Jinya

Akwai wata bazara da ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai iya kwashe ta. Ita ce bazarar da na yi kwana shida ina dambe da ƙofar gareji, har maƙwabtanmu a Sabon Garin Wudil suka fara tambayar mijina ko lafiyata ƙalau.

Mahaifina manomi ne a Lajawa, mutum ne da bai san zama ba. Wata rana yana alwala ɓarin jikinsa na hagu ya saki. Da za a sallame shi daga asibiti, likita ya ce sai an riƙa kawo shi gashin ƙashi sau uku a mako har wata uku, in ana so ƙafar ta dawo. Ya kuma ja mana kunne cewa in aka yi wasa da watannin farko, to sai dai keke har ƙarshen rayuwa. Daga Lajawa wa zai yi wannan jigila? Yayana, wanda shi ne babbanmu, ba shi da mota, ga gona a wuyansa. Ni kuwa gidana kusa yake da asibitin, mijina ma'aikacin jami'a ne, yana da 'yar motarsa. A ganina magana ta ƙare.

Ashe ba ta ma fara ba. Baba ya dube ni, bakinsa a karkace, ya ce, "Ni? In kwana a gidan suruki? Ke 'yar nan, jikina ne ya shanye, ba kunyata ba."

Aka yi juyin duniya, ya ce fafur. Mijina ne ya samo dabara. Garejinmu ƙofarsa titi take kallo, mai shiga ba sai ya bi ta cikin gida ba. Ya fitar da motarsa ya ajiye a gindin darbejiya, aka share wurin, aka sa gado da tabarma. Baba ya leƙa ya ce, "To, wannan ai kamar zaure ne." Ya yarda. Innarmu ta taho tare da shi tana kwana a tabarmar. Ita da sauƙi, in mijina ya fita aiki takan shigo ciki wurin jikoki.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne ƙofar nan ƙarfe ce, ƙyaure biyu manya, baƙin fenti, kuma yamma take kallo. Mota ba ta ƙorafi, shi ya sa shekara da shekaru ban taɓa lura ba. Da bazara ta kankama, daga azahar rana za ta sauka a kan ƙarfen nan, kafin la'asar ya yi zau, ko yatsa ba ka iya ɗorawa. In an buɗe, rana ta shigo har kan gado. In an rufe, ɗaki ya koma tanda. Fanka kuwa, in ma akwai wuta, iskar zafi kawai take juyawa. Cikin mako biyu bayan Baba ya feso da ƙuraje, ya daina barci, abinci sai ya taɓa ya ture. Mai yi masa gashi ya ce jininsa yana ƙara hawa.

Na durƙusa gabansa na roƙe shi ya koma falo, can akwai sanyi. Ya ƙi. Mijina ya aiko ni in ce shi zai tattara ya koma wurin abokinsa har a gama jinya. Wannan ma ta fi ɓata wa Baba rai. "In kori mutum daga gidansa? Me za a ce da ni a Lajawa?" Ni kuma Allah ya yi ni da saurin hawa. Na ce, "Haba Baba! Kunya ce za ta tayar maka da ƙafa? Mutuwa kake so ka yi a gareji don kada a ce?" Ya juya fuskarsa bango. Har yau in na tuna na ɗaga wa mahaifina murya yana kwance, sai in ji kunya ta rufe ni.

Inna ce ta kira Yaya a waya. Ranar Asabar ya zo, ya tarar da Baba jiƙe sharkaf, ya fito ya same ni a tsakar gida.

"Ke gasa shi kika kawo ki yi? Ranar Juma'a in na ci kasuwa zan zo da mota in mayar da shi. Ɗakinsa na ƙasa ya fi masa wannan."

Na ce, "Yaya, in ya koma, gashin fa?"

"Gara ya rayu a keke da ya mutu a hannunki."

Maganar ta soke ni, amma gaskiya ya faɗa. Na ce ya ba ni zuwa Juma'ar. In ya zo da la'asar ya tarar da ɗakin yadda yake, ni da kaina zan haɗa kayan. Ya ce ya ji. Yana fita na tsaya ina kallon ƙofar nan, na ce a raina, wallahi ko ni ko ke.

Na fara da abin da kowa zai fara. Na jiƙa buhuna na rataya. Kafin in juya sun bushe ƙayau, ɗakin kuma ya cika da tururi, gara ma da. Washegari na bi masu sayar da firiji na tattaro farin soson nan da ke zuwa cikin kwali, na manna da gam a bayan ƙyauren. Da safe abin gwanin sha'awa. Da rana ta take, gam ɗin ya narke, soson ya dinga faɗowa ɗaya bayan ɗaya, wani har kan ƙafar Baba. Inna ta ce, "Yau kuma ruwan soso ake yi?" Ban yi dariya ba. Ciki na shige na yi kukana.

Ranar Talata, da na taso daga makarantar da nake koyarwa, na tsaya sayen ƙanƙara don a sanyaya wa Baba ruwa. Mai ƙanƙarar, wani dattijo, ya tura hannu cikin wani buhu ya tono ƙatuwa guda, ya kakkaɓe ta. A tsakiyar rana, ba firiji, ba komai, amma ga ta nan da ƙarfinta. Sau nawa na sayi ƙanƙara a wurinsa ban taɓa tambaya ba? Ranar na ce, "Baba, me kake binne ta a ciki?"

Ya ce, "Ɓuntun shinkafa ne, 'yata. Zafi ba ya ratsa shi. Tun asuba take nan."

Na tsaya da ƙanƙara a hannu har ta fara ɗiga a zanena. Abin da ya hana zafi isa ga ƙanƙara, me zai sa ya kasa hana shi isa ga mutum?

Ban ko shiga gida ba na wuce injin casar shinkafa. Ɓuntu ga shi nan tsibi guda, murna ma suke a kwashe. Da yamma mijina ya yi sawu uku da motarsa, ya dawo fari fat har gira, yana atishawa. Bai ce mini komai ba sai, "Allah ya sa kin san abin da kike yi." Na ce ban sani ba, amma zan yi.

Ranar Laraba na ɗauki hutu. Muka fito da Baba a kekensa gindin darbejiya. Wani kafinta da na kira ya kafa katako a bayan kowane ƙyaure kamar akwati marar zurfi. Ni da Inna muka zauna muna ɗura ɓuntu a buhuna, muna ɗinke su falle-falle kamar ƙananan katifu. Tun ranar da na yi masa tsawa Baba bai yi mini doguwar magana ba. Ina cikin ɗinki sai na ji muryarsa.

"Kin shanya shi?"

Na ce a bushe yake.

"Ki gauraya da toka. In ba haka ba, kafin damina ƙwari sun mayar da shi gida."

Da gudu na tashi na kwaso tokar murhu. Wallahi ko ba a samu sanyin ba, wannan maganar ta biya ni wahalata. Muka jera buhunan, kafinta ya rufe da katakon silin. Da la'asar na dafa katakon, ɗumi kawai na ji. Na dinga zagaye ɗakin ina dariya ni kaɗai.

Dariyar ba ta kwana biyu ba. Ranar Alhamis da safe, ranar gashi ce, muka zo fitar da Baba, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Nauyin katako da ɓuntu ya rinjayi hinjin da take rataye a kai, ƙyauren ya sauka ya cije ƙasa. Na ja, mijina ya ja, ko gezau. Akwai wata ƙaramar ƙofa da ke ɓullewa tsakar gida. Na ce, "Baba, yau ɗaya dai, mu bi ta ciki." Ya ce, "A fasa gashin." Na buɗe baki zan yi irin ta rannan, sai na cije leɓe na fita. Na ɗauko taɓarya, na kira maƙwabta biyu, aka zura ta ƙarƙashi aka ɗaga, ƙyauren ya buɗe da ƙara. Mijina ya wuce da Baba asibiti, ni na tafi neman mai walda.

Mai waldan ya zo ya ƙwanƙwasa katakon, ya ce, "Hajiya, me kuka ɗura a nan?" Na faɗa masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ina maigidan? Gara in yi magana da shi."

Na ce, "Maigidan ya kai mahaifina asibiti. Ni na ɗura, ni za ka yi wa aiki. In ba za ka iya ba, ga hanya nan."

Ya nutsu. Ya ce za a ƙara hinji bibbiyu, a sa ƙaramar taya a ƙasan kowane ƙyaure. "Amma sai an kwashe komai tukuna. Tartsatsi ɗaya ya faɗa cikin ɓuntun nan, gidan gaba ɗaya zai tashi."

A kwashe komai! Aikin yini guda, gobe kuma Juma'a. Na zauna a kan bokiti. Inna ta ce, "Ki haƙura haka, kin yi iya yinki." Na dubi gadon Baba, na tuna yadda a makon nan babban yatsan ƙafarsa ya fara motsi, yana ɓoyewa kada mu gani mu sa rai. Na miƙe na ɗaure ɗankwali, na ce a kira kafinta.

Muka ɓalle katako, muka fitar da buhuna can nesa. Mai walda ya yi aikinsa, muka jira ƙarfe ya huce. Shi da ya yi mini dariya, shi ya ce, "Tun da abin ya zama haka, Hajiya, ki shafe wajen da farin fenti. Baƙi shan rana yake." Mijina yana dawowa ya tuɓe babbar riga ya kama burushi. Baba na gindin bishiya yana satar kallonsa, shi yana satar kallon Baba. Kafin magariba mun mayar da komai. Hannuna duk ya farfashe, jikina kuwa ƙaiƙayin ɓuntu kamar in yage fata. Na tura ƙyauren da yatsa biyu, ya tafi sumul.

Ranar Juma'a Yaya ya iso bayan la'asar, lokacin da rana ta fi cin ƙofar. Motar haya na biye da shi, ko kashe ta direban bai yi ba. Ya dafa ƙyauren ta waje, ya janye hannu. Ya tura ya shiga, ina bayansa. Ba zan yi ƙarya in ce ɗakin ya yi sanyi ƙarara ba. Zafin bazara yana nan, amma irin na inuwa, wanda mutum zai iya zama a ciki. Yaya ya shafa katakon, ya sake shafawa. Inna ta ɗora yatsa a baki ta nuna gado.

Baba barci yake. Barci na sosai, har da minshari, rigarsa a bushe. Inna ta ce tun bayan azahar yake yi. Rabon da ya runtsa da rana tun farkon zafin.

Can Baba ya buɗe ido ya ga Yaya a kansa.

"Kai ne? Motar wa ke ta ƙara a waje?"

"Wadda za ta mayar da kai gida ce, Baba."

Baba ya dubi ƙofar, ya dubi hannuna. Ya ce, "Ka sallame shi. Gobe ina da gashi."

Na juya na fita da sauri don kada su ga hawayena.

Ya cika wata ukunsa a garejin nan cif. Ranar da zai koma Lajawa, damina ta sauka, shuka ta fito. Ba a keke aka fitar da shi ba. Da sanda ya taka, yana jan ƙafa, yana hutawa, har bakin mota, ya hana kowa ya riƙe shi. Har ya bar duniya bayan shekaru bai taɓa taka tsakar gidana ba, ni kuma ban sake roƙonsa ba.

Abin da na koya shi ne, na ɓata mako biyu ina ƙoƙarin canza mahaifina, ina ganin taurin kansa ne ciwon, har na ɓata masa rai a kan abin da shi yake gani mutuncinsa ne. Ƙofa kuwa, da na juya kanta, kwana shida ta ɗauke ni. Tun daga nan, in zan taimaki mutum, na daina tambayar me ya sa ba zai sauko inda nake so ba. Inda ya tsaya nake zuwa, in ga abin da hannuna zai iya gyarawa a wurin.